Alhasan Ibnul Haisam, Malamin Da Ya Binciki Asirin Madubi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu kawo muku tarihin Abu Aliyu Alhasan Ibnul Haisam, malamin da 'ya'yanmu masu karatun kimiyya ke cin gajiyar bincikensa, alhali kuwa da yawansu ba su taɓa jin sunansa ba. An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi a shekara ta 354 bayan Hijira, watau 965 Miladiyya, ya tashi da son ilmin lissafi da na taurari.

Masu tarihi irin su Alƙifɗi sun ruwaito cewa labari ya kai ga Sarkin Masar, Alhakim bi Amrillahi, cewa akwai wani malami da ya ce zai iya yi wa Kogin Nilu dabarar da za a riƙa amfana da ruwansa, ko ya cika ko ya janye. Sarki ya aika aka zo da shi, ya haɗa shi da magina, suka nausa kudu har kusa da Aswan. Da malamin ya ga girman kogin da idonsa, sai ya tabbata aikin ya fi ƙarfin kayan aikin zamanin. To, Alhakim sarki ne mai saurin fushi wanda kisa ba ya yi masa wuya, amma Ibnul Haisam bai ɓarnatar da dukiyar jama'a don ya rufe kunyarsa ba, ya komo ya faɗi gaskiya. Aka ba shi wani muƙami, daga baya tsoron Sarki ya sa ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har Sarkin ya ɓace a 1021. Madatsar ruwa ta farko a Aswan kuwa sai a 1902 aka gama ta, babbar kuma a 1970.

Bayan ya sami kansa, sai ya zauna kusa da masallacin Azhar, yana kwafar littattafan lissafi da hannunsa yana sayarwa don ya ci abinci. A Masar ɗin ne ya wallafa Kitabul Manazir mai juzu'i 7. Manyan malaman Yunan kamar Uƙlidis da Baɗlimus sun tafi a kan cewa haske daga ido yake fita ya taɓa abin da ake kallo. Shi kuwa ya kafa hujja cewa daga abin ne haske ke tasowa ya shiga ido.

Juzu'i na 4 zuwa na 6 a kan madubi suke. Ya ƙera ma'auni na tagulla da madubai na ƙarfe iri 7: shimfiɗaɗɗe guda, sa'an nan mai siffar ƙwallo, da mai siffar gwangwani, da mai siffar mazurari, kowannensu da mai doro da mai zurfi. Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar cewa kusurwar da haske ya faɗa wa madubi da ita, da irinta yake juyowa, kome lanƙwasar madubin. Mai karatu na iya jarrabawa da cokali mai ƙyalli. In ya dubi bayansa zai ga fuskarsa ƙarama a tsaye, domin doron yana warwatsa haske. In ya dubi cikinsa zai gan ta a kife, domin zurfin yana tattara hasken ya gitta kafin ya iso ido. In da madubi mai zurfi babba ne, ya kuma matso kusa ƙwarai, sai fuskar ta miƙe ta ƙara girma.

Daga nan ya warware wata mas'ala mai wuya: in an san inda abu yake da inda ido yake, a wane gurbi ne na madubi mai siffar ƙwallo haske zai buga ya juyo zuwa idon? Ya nuna cewa a madubi mai zurfi gurbin na iya kaiwa 4, watau abu guda ya bayyana sau huɗu. Har yau Turawa na kiran mas'alar da sunansa, Alhazen. Ya kuma rubuta risaloli a kan madubin ƙonawa, inda ya bayyana cewa mai siffar ƙwallo ba ya tara hasken rana a ɗigo guda, sai mai lanƙwasar da Larabawa ke kira kaɗ'ul mukafi. Irin wannan lanƙwasa ce ke cikin farantin tauraron ɗan'adam da ke bisa rufin gidajenmu.

Ya rasu a Alƙahira wajejen 430 bayan Hijira, watau 1040. Aka fassara littafinsa zuwa Latin, aka buga shi a birnin Basel a 1572, Kamaluddin Alfarisi kuma ya yi masa sharhi mai suna Tanƙihul Manazir.

To jama'a, abin lura shi ne, juzu'i na 6 gaba ɗaya a kan kurakuran gani a madubi yake. Malamin ya san ido na iya ganin babba ƙarami, ya ga guda ya zama huɗu, saboda haka bai yarda da gani ba sai ya auna, bai kuma ji kunyar janye maganarsa a gaban sarki ba. In ganin ido na bukatar tabbatarwa, ina ga jita-jitar da muke ɗauka mu yanke wa ɗan'uwa hukunci da ita? Kuma kada iyaye su ɗauka ilmin halittar Allah baƙo ne a gidan Musulmi, gadonmu ne.

Allah Ya jiƙansa, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, amin.