Blaise Pascal

Blaise Pascal (19 ga Yuni 1623 – 19 ga Agusta 1662) masanin lissafi ne da kimiyya da falsafa, ɗan ƙasar Faransa. Yana cikin mutanen farko da suka ƙera na'urar lissafi mai aiki da ƙafafun ƙarfe.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Clermont. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara uku, mahaifinsa Étienne ne ya karantar da shi a gida.

Na'urar Pascaline

A shekarar 1639 aka ba mahaifinsa aikin kula da haraji a birnin Rouen. Aiki ne mai cin rai, domin kuɗin Faransa na lokacin ba goma-goma ake ƙirga shi ba: denier 12 ne ke yin sol ɗaya, sol 20 kuma su yi livre ɗaya, kamar dai tsarin kwabo da sule da fam da Najeriya ta bari a 1973. Don ya rage wa mahaifinsa wahala, Pascal ya fara ƙera na'urar a 1642. Sai da ya gwada samfura kusan 50 kafin ya fito da ita a 1645.

Na'urar akwati ce ta tagulla mai jerin ƙafafu, kowace ƙafa tana wakiltar gurbin lamba ɗaya. Idan ƙafa ta kammala zagaye, wani ɗan ƙarfe sai ya faɗo ya tura ta kusa da ita taki ɗaya. Wannan ɗaukar ragowa zuwa gurbi na gaba ita ce gwanintar na'urar. Tana yin tarawa kai tsaye, amma ƙafafun ba sa juyawa baya, saboda haka ɗebewa sai da dabara.

A 1649 ya samu takardar sarki da ta hana kowa ƙera irinta a Faransa. Duk da haka ba ta yi kasuwa ba, saboda tsada da wuyar ƙira. Kimanin 20 kawai aka yi.

Ƙarshen rayuwa

A 1654 ya yi musayar wasiƙu da Pierre de Fermat, waɗanda suka aza harsashin lissafin yiwuwar aukuwar abu. Daga ƙarshen wannan shekara ya karkata ga addinin Kirista. Ya rasu a Paris yana da shekara 39, bayan doguwar jinya. An sa sunansa ga ma'aunin matsin iska da kuma wani harshen shirya manhajar kwamfuta da ya fito a 1970.