Kano Natsuo: Maƙerin da ya ga ƙarshen zamanin takobi a Japan

Duk da kamar sunan, Kano Natsuo ba shi da wata alaƙa da birnin Dabo. Ɗan ƙasar Japan ne, an haife shi a Kyoto a shekarar 1828, kuma sunan Kano ya samo shi ne daga wani dillalin takubba da ya ɗauke shi riƙo tun yana ƙarami. A gidan ne ya buɗi ido ya ga sana'ar ƙawata takobi, musamman tsuba, wato faifan ƙarfen da ke tsakanin ƙota da kaifi domin kare hannu.

Ya koyi ƙira, sannan ya koyi zane a wajen Nakajima Raisho. Wannan ne ya bambanta shi da tsararrakinsa, domin yakan sassaƙa ƙarfe tamkar mai jan alƙalami a takarda, layi ya yi kauri a nan, ya sirance a can, har kifi ya fito kamar yana motsi cikin ruwa. A 1854 ya koma Edo, birnin da ake kira Tokyo a yau.

Da mulki ya koma hannun Sarki Meiji, sabuwar gwamnati ta ɗora masa aikin zana sababbin tsabar kuɗi, waɗanda aka fito da su ɗauke da hoton dodon nan mai siffar maciji.

A 1876 aka kafa dokar hana rataya takobi, in ban da sojoji da 'yan sanda da manyan jami'ai cikin kayan fada. Kasuwar maƙera ta mutu farat ɗaya. Gidajen samurai da talauci ya kama suka shiga sayar da kayan gado, fatake suka kwashe su zuwa Turai da Amurka, inda aka mayar da wasu abin maƙalawa a riga, wasu kuma ƙotar wuƙaƙen cin abinci. Abin takaici ne a ce aikin da aka yi don jarumi ya ƙare a teburin baƙo, sai dai hakan ya tserar da da yawa daga lalacewa.

Natsuo bai ajiye guduma ba. Ya juya ga tulunan furanni da akwatunan taba, da irin hannun da ya saba. A 1890 aka naɗa shi malami a Makarantar Fasaha ta Tokyo, aka kuma sanya shi cikin masu fasahar fadar sarki. Ya rasu a 1898.