Ernest Everett Just: Masanin da ya bayyana yadda ƙwai ke rufe ƙofarsa

Duk ɗalibin sakandare da ya kai darasin hayayyafar halittu ya haddace cewa ƙwayar maniyyi ɗaya tak ke shiga ƙwan mace, ko da dubbai ne suka yi masa caa. Abin da ba kowa ke tambaya ba shi ne, me ke hana sauran shiga? Cikin masanan da suka fara warware wannan akwai Ernest Everett Just, baƙar fata ɗan Amurka.

An haife shi ranar 14 ga Agusta, 1883, a birnin Charleston na jihar Carolina ta Kudu. Yana ɗan shekara huɗu mahaifinsa ya rasu, ɗawainiyar gida ta koma kan mahaifiyarsa Mary, wadda malamar makaranta ce. Ya kammala Kwalejin Dartmouth a 1907 da sakamako mai daraja, amma manyan jami'o'in Turawa na lokacin ba sa ɗaukar baƙar fata aikin koyarwa. Sai ya kama aiki a Jami'ar Howard da ke Washington.

Daga 1909 ya riƙa zuwa cibiyar binciken halittun ruwa ta Woods Hole duk lokacin hutu, ƙarƙashin Farfesa Frank Lillie. Yawancin ƙananan halittun teku a cikin ruwa suke zubar da ƙwai da maniyyi, don haka ana iya kallon haɗuwarsu ta madubin ƙara girma. A 1912 Just ya nuna cewa a ƙwan wata tsutsar teku, gurbin da maniyyi ya shiga shi ke tsara layin da ƙwan zai fara rabuwa biyu. A 1919 kuma ya bayyana cewa da zarar ƙwayar farko ta shiga, wani sauyi kan bazu a fatar ƙwan tun daga wannan gurbi, har ya game shi, sauran su rasa hanya. Muhimmancin hakan a fili yake: idan biyu suka shiga, kayan gadon halitta sun wuce kima, ɗan tayin ya lalace.

An san shi da tsananin kula da tsabtar kayan aiki da zafin ruwa, domin a ganinsa ƙwan da aka wahalar ba ya ba da sakamakon gaskiya. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a Najeriya, waɗanda ke tatsar ƙwai su gauraya da maniyyi a roba, sun san haka a aikace.

Ya karɓi lambar Spingarn ta farko a 1915, ya sami digirin dakta a Jami'ar Chicago a 1916. Duk da haka bai taɓa samun ɗakin bincike daidai da iliminsa a ƙasarsa ba. Daga 1929 ya karkata zuwa Turai, ya yi aiki a Italiya da Jamus da Faransa. A 1939 ya wallafa littafinsa a kan fatar ƙwayar halitta. Da sojojin Hitler suka mamaye Faransa a 1940, an tsare shi na ɗan lokaci kafin ya koma gida.

Ciwon daji ya yi ajalinsa a Washington ranar 27 ga Oktoba, 1941, yana da shekara 58. Sai a 1996 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotonsa a kan sarki.