Marigayi Alhaji Adamu Halilu, Wanda Ya Mayar Da Shaihu Umar Fim

Idan 'yan uwanmu mazauna Kaduna da Kano da Abuja suka zauna hirar tsofaffin finafinai, galibi Indiya ake nufa. Wannan ya ce babu kamar Mother India, wancan ya ce Sholay, a yi ta gardama a kan Dilip Kumar da Amitabh Bachchan kamar 'yan unguwarsu. In an gangaro na gida kuwa, sai a fara lissafi daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a kaset a 1990, tamkar kafin nan Bahaushe bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Alhali shekara 14 kafin Turmin Danya an yi wani fim na Hausa mai launi, irin na gidan silima, wanda aka shirya don idon duniya, kuma labarinsa ya taso ne daga nan maƙwabtanmu. Wanda ya ba da umarninsa shi ne Alhaji Adamu Halilu. Shi nake so mu tuna a mujallarmu ta bana.

An haifi Adamu Halilu a 1936 a garin Garkiɗa, cikin jihar Adamawa ta yanzu. Ya tashi a zamanin da yawancin mutanen Arewa ba su san gidan silima ba. Akwai irinsu a manyan birane, kamar Rex da aka buɗe a Kano a 1937, amma mutumin kirki ba ya son a gan shi a ƙofarsu. Abin da talaka ya sani shi ne majigi. Motar hukuma za ta shigo gari da la'asar, a yi shela, bayan sallar isha'i a kafa farin ƙyalle a filin makaranta ko ƙofar fada, a tayar da inji. Ana nuna hoto, wani ma'aikaci yana fassara da lasifika: yadda ake noman auduga, yadda ake haƙa masai, amfanin rigakafi. Mu da muka yi firamare a ƙarshen zamaninta mun san yadda yara ke kwana biyu suna kwaikwayon abin da suka gani.

A wannan makaranta ta majigi Adamu Halilu ya goge. Ya yi karatun rubuta labarin fim da tace hoto a Landan da Rum, ya kuma yi aiki a sashen shirya finafinai na gwamnati, inda ya yi finafinan wayar da kai masu yawa, har ana ƙiyasta su da kusan 70. Cikin waɗanda aka fi ambata akwai Mama Learns a Lesson na 1963, a kan lafiyar mata da jarirai, da Child Bride na 1971, wanda sunansa kaɗai ya nuna cewa auren wuri ya taɓo. A ganina wannan horo ne ya bambanta shi da waɗanda suka zo daga baya. Wanda ya saba yi wa manomi fim a fili, inda mai kallo zai iya naɗe tabarmarsa ya tafi in bai gane ba, dole ya koyi ba da labari dalla-dalla, ya kuma kiyaye tufafi da gaisuwa da zaman mutane, domin ɗan kuskure kaɗan jama'a za su fashe da dariya.

Babban aikinsa ya zo ne lokacin da Nijeriya ke shirin bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, wanda aka yi a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, aka kuma yi hawan daba a Kaduna. Gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin mayar da littafin Shaihu Umar fim, aka danƙa wa Adamu Halilu, ya kammala a 1976. Littafin kuwa na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, wanda ya rubuta yana malamin makaranta a Bauchi, don gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933. Wannan gasa ce ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, dukansu 'yan Kagara. Kafin fim ɗin, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun riga sun mayar da labarin wasan daɓe. Umaru Ladan ɗin ne ya fito a matsayin Shaihu Umar, tare da 'yan wasa irin su Mairiga Aliyu da Umaru Dembo, marubucin Tauraruwa Mai Wutsiya.

Bari in ɗan tsaya a kan labarin, domin na lura da yawa daga yaranmu da suka tashi a birni ba su karanta shi ba. Wani babban malami ne a garin Rauta, kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su tarihinsa. An haife shi a Kagara, ubansa ya rasu tun bai zo duniya ba. Uwarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki. Bayan wani hari da aka kai don kamo bayi, fadawa suka ƙulla wa Makau sharri, aka kore shi, ya tafi wajen Maƙarfi ya zauna. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta kafin ta bi mijinta, ta bar yaron a hannun ƙawarta. A nan wani ya sace shi ya shiga daji da shi. Daga hannu zuwa hannu har ya kai Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya haye Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya ba shi ilimi. Ita kuwa uwar ta bazama nemansa, aka yaudare ta aka sayar da ita, ta sha azabar bauta ta hanyar Murzuƙ har Tarabulus. A can suka haɗu bayan shekaru, ba ta jima ba ta rasu.

Duk ɗan Birnin Gwari da ya ji Kagara da Fatika ya san abin da ke tsakaninsu. Ɗaya tana kudu da mu ta hanyar Tegina, ɗaya tana gabas ta wajen Giwa, dajinmu kuma a tsakiya. Kakanninmu ba a littafi suka ji labarin harin bayi ba. Mayaƙan Kwantagora na zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim sun daɗe suna kai hari ƙasashen Gwari da Kamuku, har Turawa suka ci Kwantagora a 1901. Shekaru da nake koyar da littafin a aji, ina gaya wa yara cewa wannan zamani ne da ya wuce. Sai ga shi a Fabrairun 2021 an shiga makarantar kimiyya ta Kagara cikin dare an kwashe ɗalibai da malamai an yi daji da su, a Maris 2024 kuma aka yi irin haka a Kuriga, kan hanyarmu ta zuwa Kaduna. Yau ba sai an yi wa matar ƙasarmu bayanin halin da uwar Umar ta shiga ba.

Masu sharhi sun daɗe suna saɓani a kan wannan labari. Wasu na ganin ya yi wa bauta sassauci, tunda ta hanyarta ne yaron ya sami ubangida nagari ya zama malami, kuma shi kansa Shaihu ba ya nuna fushi, sai haƙuri da miƙa wuya ga ƙaddara. Ni ban bi wannan ra'ayi ba. Wanda ya bi sawun uwar daga Fatika zuwa Tarabulus ba zai ce an yi sassauci ba. Ɗaukakar da ɗan ya samu ba ta fanshi ko kwana ɗaya na wahalarta ba. Wani ƙorafin kuma, wanda na fi jin sa daga matasa, shi ne tsawo da tafiyar hawainiya, domin fim ɗin ya kai minti 142, ba waƙar soyayya, ba rawa a gindin bishiya. To, ai labarin tsoho ne yana ba almajiransa, kuma ayarin raƙuma ba ya gudu. Wannan gardama ta tashi sosai bayan da mujallar Fim ta fara fitowa a 1999, lokacin da marubuta ke sukar masu shirya finafinan Kano da kwaikwayon Indiya. Abin takaicin shi ne, aikin da ya kamata a aza a sikeli a gwada sauran da shi, a lokacin ba mai iya samunsa ya kalla.

Bayan Shaihu Umar, Adamu Halilu ya yi Kanta of Kebbi, a kan Muhammadu Kanta, jarumin da ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, da tallafin gwamnatin jihar Sakkwato. Ya kuma yi Moment of Truth a 1981. Da aka kafa Hukumar Finafinai ta Nijeriya a 1979, ya riƙe shugabancinta a farkon shekarun 1980. Sai dai zamanin bai yi masa daɗi ba. Kuɗin mai ya faɗi, darajar naira ta karye bayan 1986, sayen zaren fim da wanke shi ya gagari mutane. Gidajen silima suka dogara da kayan Indiya da Amurka da na 'yan kareti, sannan kaset ɗin bidiyo ya shigo ya kwashe kasuwar. Ya rasu a 2001, shekarar da finafinan Hausa na kaset suka cika kowace kasuwa, har gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace su. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Ya tafi ana zaton babban aikinsa ya salwanta. Sai a 2016 aka gano gwangwanayen fim ɗin a ma'ajiyar Hukumar Finafinai, cikin tarin tsofaffin kaya da aka yi watsi da su. Wata cibiya ta Jamus mai suna Arsenal ta haɗa hannu da hukumar aka gyara shi, aka mayar da shi irin na kwamfuta, sannan aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a Fabrairun 2018. Wato mutanen Jamus sun zauna sun kalli Makau da uwar Umar suna magana da Hausa, yayin da mafi yawan jikokin mutanen da abin ya faru a ƙasarsu ba su taɓa ganinsa ba.

Hedkwatar hukumar tana Jos, kuma muna da 'yan uwa ma'aikata a can da Abuja. Ina roƙon kwamitin ilimi na ƙungiyarmu ya rubuta musu a nemi izini da kwafi, a nuna shi a taronmu na bayan Sallah, a gayyato ɗaliban sakandare da malaman Hausa na makarantun garin. In babu ɗakin da zai ɗauki jama'a, filin firamare na nan, farin ƙyalle da janareta kuma ba za su gagare mu ba.