Augustin Cauchy: Masanin lissafin da ya zaɓi gudun hijira a kan yin rantsuwa

Da yawa daga cikin matuƙan jirgin sama da suka yi atisaye a na'urar kwaikwayon tashi, sun zauna a kan wani dandamali mai ƙafafu shida da ke miƙewa suna takurewa. Lissafin da ke bayyana dalilin da ya sa dandamalin ke tsayawa ƙyam idan aka kulle ƙafafun, yana da tushe a aikin wani Bafaranshe da ya rasu tun kafin a ƙera jirgin sama.

An haifi Augustin-Louis Cauchy a birnin Paris ranar 21 ga Agustan 1789, makonni kaɗan da ɓarkewar juyin juya halin Faransa. Ya karanci aikin injiniya, kuma a 1810 aka tura shi Cherbourg aikin gina tashar jiragen ruwan yaƙin Napoleon.

A 1813 ya wallafa hujjar cewa duk siffa rufaffiya mai fuskoki shimfiɗaɗɗu, wadda ba ta lotsa ciki ba, ba za ta lanƙwashe ba ko da an haɗa fuskokin da gaɓoɓi masu motsi irin na ƙofa. Bayan kimanin shekara 140, injiniyan kamfanin Dunlop a Ingila, Eric Gough, ya ƙera injin gwajin taya mai ƙafafu shida. Idan aka haɗa alwatika biyu, sama da ƙasa, da ƙafafu shida, siffa mai fuska takwas ake samu, wadda hujjar Cauchy ta shafa. A kan irin wannan tsari masu binciken mutum-mutumi suke aiki har yau.

Sai dai Cauchy mutum ne mai kafiya. Ya riƙe ɗariƙar Katolika da gidan sarautar Bourbon hannu bibbiyu. Da aka hamɓarar da Sarki Charles na goma a 1830, ya ƙi yi wa sabon sarki rantsuwar biyayya. Ya rasa muƙamansa na koyarwa, ya zauna a Turin, sannan Prague, inda ya koyar da jikan hamɓararren sarkin. Sai a 1838 ya dawo gida, kuma bai koma kujerar farfesa ba sai bayan da aka soke rantsuwar a 1848.

Ya rasu ranar 23 ga Mayun 1857, ya bar rubuce-rubuce kusan 800.