Musa Ɗanƙwairo: Daga Bakin Gona Zuwa Fada, Daga Fada Zuwa Kunnen Arewa

Yau ba zancen sabon fim ko sabon album na zo da shi ba. Zancen wani tsoho ne da ya bar duniya tun 1991, amma har gobe idan aka saki kotsonsa a wurin naɗin sarauta ko ɗaurin aure, sai ka ga dattijo ya gyara zaman hula, matashi ya ciro waya yana ɗauka. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun nake nufi.

Da yawanmu mun san shi ne da guntun sautin da ake ɗorawa a kan bidiyon hawan salla a TikTok. Nan Tambuwal kuwa, ka je wurin masu tura waƙa a waya ka ce a sa maka Ɗanƙwairo, za a loda maka shi cikin jerin waƙoƙin tsofaffi, an cakuɗa ta farkon rayuwarsa da ta ƙarshe kamar duk rana ɗaya aka yi su. Ni kuma abin da ya sa nake ƙaunarsa shi ne ba wuri ɗaya ya tsaya ba. Waƙarsa tafiya ta yi, ta sauya, kuma ba shi kaɗai ya yi tafiyar ba, shi da ƙungiyarsa ne.

An haifi Musa a ƙasar Bakura a farkon ƙarni na 20, 'yan shekaru kaɗan bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Bakura da Maradun yau suna jihar Zamfara, amma shi bai ga wannan rabon ba, domin sai 1996 aka yanke Zamfara daga Sakkwato. Gidan kiɗa ya tashi. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, yayansa Abdu Kurna ma makaɗi ne da ya yi suna a fadar Maradun. Sunan da duniya ta san shi da shi ma daga cikin ƙungiya ya fito: akwai wani mai zaƙin murya cikin mutanen mahaifinsa da ake kira Ƙwairo, da aka ji muryar yaron ta yi kama da tasa sai aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo, sunan ya bi shi har kabari.

Matakin farko shi ne kiɗan noma. Wanda ya tashi a ƙauyukan Kebbe ko gefen Dogon Daji, ko ya ji labari wurin kakanninsa, ya san yadda gayya take: samari sun jeru a kunya, makaɗi na binsu a baya, yana kiran sunan wanda ya yi gaba, yana zolayar wanda aka bari. Irin wannan waƙa ba ta son dogon bayani. Gajeren ɗa, amshi mai saurin kamawa, kiɗa daidai da saran fartanya. Idan waƙarka ba ta sa jini ya motsa ba, nan take za ka gani a gonar, babu mai yi maka kara. A wannan makaranta Musa ya koyi abin da bai taɓa rabuwa da shi ba, wato waƙa ta tayar da tsikar jiki kafin ma a gama fahimtar ma'anarta.

Mataki na biyu fada. Nan doka ta bambanta. Sarki ba manomi ba ne da za ka yi wa ihu ya ƙara sauri. Sai ka san asalinsa, kakanninsa, garuruwan da ke ƙarƙashinsa, da 'yan uwan da suka nemi sarautar ba su samu ba, don su ne ake yi wa habaici da zambo. Kayan kiɗan ma na sarauta ne. Kotso ƙaramar ganga ce mai tsukakken ciki, fata a baki ɗaya kawai, ana rataya ta a kafaɗa a buga da hannu, ba da makaɗi irin na kalangu ba. Musa bai fara da jagoranci ba. Ya daɗe yana ɗan amshi, har ya zama Daudun kiɗi, wato mataimakin shugaban ƙungiya, a bayan yayansa Kurna. Ku lura da wannan da kyau. Mutumin da ya fi kowa iya sarrafa 'yan amshi, shi kansa shekaru ya yi yana amshi.

Da ya kafa tasa ƙungiyar, sai abin da ya koya a baya ya fito fili. A waƙar fada da aka saba, jagora ya kawo ɗa, 'yan amshi su maimaita gindin waƙa, a sake zagayowa. Ɗanƙwairo bai bar mutanensa a maimaici kawai ba. Sai ya fara ɗa ya sake shi a tsakiya, su cafe su ƙarasa. Wani lokaci su rabu biyu, waɗannan su miƙa wa waɗancan, kamar masu jifar tubali wurin gini, shi kuma ya koma gefe yana jefa kalma ɗaya ɗaya yana ƙara wa wutar iska. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suna kiran wannan salo karɓeɓeniya. Ka saurari "Shirya Kayan Faɗa", wadda ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu, ka gwada ƙirga sau nawa magana ke sauya baki ba tare da kiɗa ya yi tuntuɓe ba. Kuma fa babu situdiyo, babu a tsaya a goge a sake. A gaban sarki ake yi, jama'a na kallo.

Mataki na uku shi ne wanda ya fitar da shi daga ƙasar Zamfara. Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, kuma Ɗanƙwairo ya zama cikin manyan mawaƙansa. "Mai Dubun Nasara" ita ce shaida. A nan ubangidan ba sarkin gari ɗaya ba ne, shugaban yanki ne da ya tashi daga Sakkwato har Borno, har Ilori. Dole waƙa ta buɗe. Maimakon kakannin gida ɗaya, sai ga zancen mulki, haɗin kan Arewa, da abokan hamayyar siyasa a gurbin 'yan sarki. Ana cikin haka aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, muryar da a da sai ka je ƙofar fada za ka ji ta, ta shiga zauren kowa.

Ranar 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna. Makaɗin da ya rasa ubangida irin wannan, sau da yawa nan tauraronsa ke dushewa. Na Ɗanƙwairo bai dushe ba. Ya zama na sarakunan Arewa baki ɗaya: Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau a 1966 ɗin, Sarkin Kano Ado Bayero, da wasu da dama. Zamanin kaset ya zo ya same shi da ƙarfinsa, 'ya'yansa sun shigo cikin amshi, ƙungiyar ta ƙara cika. A kunnena, waƙoƙin wannan lokaci sun fi natsuwa. Muryarsa ta yi nauyi, ya rage gudu, ya ƙara sakar wa yaransa fili, kamar direban da ya san mota ta riga ta hau hanya.

Masu bin kiɗan Turawa cikinku sun san yadda ake yaba ƙungiyar Radiohead ta Ingila, saboda bayan sun yi suna da jita a 1997 sai suka juya ga sautin na'ura a 2000, masoyansu suka yi ta gardama. To mu ma muna da ƙungiyar da ta sauya masu sauraro har sau uku, ta sauya ginin waƙarta kowane karo, amma ba ta ajiye kotso ba, ba ta kuma ajiye harshenta ba. Da Sakkwatancinsa ya ci Kano da Kaduna, da su munka da anka, irin maganar da yaranmu na Tambuwal da Kebbe ke jin kunyar yi da zarar sun shiga situdiyo a Kano.

Abin da ke damuna ke nan. Ina jin waƙoƙin zamani, ina kuma jin daɗinsu, ba na cikin masu cewa komai na yanzu banza ne. Amma dubi yadda ake yin yawancinsu: mawaƙi ya shiga shi kaɗai, mai fiyano ya haɗa kiɗa a kwamfuta, mai amshi ta zo daga baya ta ɗora muryarta, wataƙila ko haɗuwa ba su yi ba. Waƙa na fita da kyau, amma wa ke koyon amshi? Ina Daudun da zai yi shekaru a bayan wani kafin ya fito? Idan babu wannan layin, ranar da aka ɗauke wuta a wurin biki aka ce a yi da baki, nan ake gane wanda ya iya.

Shawarata ga mai son waƙa, musamman mai son ya yi ta: ka nemi waƙar Ɗanƙwairo cikakkiya, ba guntun TikTok ba. Ka sa abin ji a kunne, karon farko ka bi muryarsa, karo na biyu ka manta da shi ka bi 'yan amshi kawai. Sannan ka dawo mu yi magana.

Allah ya jiƙan Alhaji Musa Ɗanƙwairo da mutanensa da suka riga mu gidan gaskiya, ya sa Aljanna ce makomarsu. Amin.