Marigayi Malam Aminu Kano A Fagen Koyarwa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a shekarar 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali. Da ya kammala Kwalejin Kaduna a 1942, sai ya kama koyarwa a Midil ta Bauci, inda ya zauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur. Ya tafi Landan ƙaro ilimi a 1946, bayan dawowarsa kuma ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa a 1948, domin kare mutuncin malami da haƙƙinsa.

Sukar da yake yi wa mulkin En'e ba ta yi wa hukuma daɗi ba, aka ɗauke shi zuwa Maru ta Lardin Sakkwato, ya shugabanci makarantar horon malamai. Ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi siyasa, har Allah Ya karɓi ransa ranar 17 ga Afrilu, 1983.

Faɗin gaskiya ne ya jawo wa Malam canjin wurin aiki. A yau kuwa, malamin da ke fashin aji ko cin zarafin ɗalibai, sau da yawa canjin wurin ne kaɗai hukuncinsa, ya je ya ɓata wata makarantar. 'Yan uwa mazauna Legas da Abuja da Kaduna, idan mun gina ajujuwa a gida, wajibi ne mu bi sawun masu koyarwa a cikinsu, mu mara wa nagari baya, mu tsaya a hukunta maciya amana.

Allah Ya jiƙan Malam, amin.